Nonon Hammata da Ƙullutun da Ke Fitowa a Cikinsa: Tambayoyin da Mata Ke Yi Mini a Katsina

Shekarun da na yi ina aikin jinya tsakanin ɗakin awo da ɗakin haihuwa a nan Katsina sun nuna mini cewa akwai tambayar da ba a yin ta sai an miƙe za a tafi. Mace ta gama awo, ta gyara zane, ta saka hijabi, ta kai bakin ƙofa, sannan ta juyo ta sassauta murya: "Sista, don Allah akwai wani abu a hammatata." In na ɗaga hannunta na duba, sau da yawa nama ne mai laushi da ya yi tudu, wanda ta shekara biyar ko goma tana rufewa da riga mai faɗin hannu. Wata ko mahaifiyarta ba ta sani ba. Shi ya sa na tara tambayoyin wuri guda, da amsar da nake bayarwa in lokaci ya ba ni dama in zauna da mace.

Sista, wai da gaske nono na iya fitowa a hammata?

Da gaske ne, kuma asalinsa tun daga cikin uwa. Wajen mako na 6 da shigar ciki, wasu layuka biyu suna bayyana a jikin ɗan tayi, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne ya taso daga hammata ya bi ta ƙirji da ciki ya sauka matsematsi. Daga waɗannan layuka ake halittar nono. Wanda ya taɓa lura da cikin kyanwa mai shayarwa ya ga yadda nonuwanta suka jeru sahu biyu. A kan irin wannan layin suke. A ɗan'adam layin yakan shafe gaba ɗaya, ya bar wuri ɗaya a kowane ɓangare na ƙirji. Idan wani ɗan guntu bai shafe ba, sai ya zauna shiru har yarinya ta balaga, ko ta yi ciki, sannan ya motsa kamar yadda nonon ƙirji ke motsawa. Hammata ce inda ya fi yawan zama.

Ba kama ɗaya yake zuwa ba. Tun 1915 wani masani mai suna Kajava ya kasa shi gida 8, daga cikakken nono mai baki har zuwa ɗan tsiron gashi kawai. Wanda muka fi gani a hammata shi ne naman nono zalla, ba baki, ba baƙin da'irar da ke kewaye da baki. Shi ya sa mace ke kallonsa shekara da shekaru ba ta taɓa kawo cewa nono ba ne.

Ni kaɗai ce mai irin wannan? Ko jifa aka yi mini?

Ba ke kaɗai ba ce, 'yar'uwa. Littattafan likitanci suna ƙiyasta mata 2 zuwa 6 cikin kowane 100. A gidan biki guda za a samu masu shi, kowa ta ja bakinta ta yi shiru. Yana iya zama gefe ɗaya ko duka biyu, kuma a wasu zuri'o'in yana bin jini, ki tarar da shi ga uwa da ɗiya ko ga 'yan ɗaki ɗaya. Ba jifa ba ne, ba sammu ba ne, kuma ba hannun kishiya. Abin da aka halitta tun kina ɗan tayi bai jira kowa ya yi miki asiri ba. Ina nanata wannan ne domin na ga zumuncin da ya lalace a kan zargin da ba shi da tushe.

Ya zan gane nono ne, ba kitse ko kaluluwa ko maruru ba?

Babbar alamarsa ita ce yana bin wata. Kwanaki kafin al'ada ya cika ya yi tsami, al'ada ta wuce ya saki. Da ciki ya ƙara girma, da haihuwa ya kumbura sosai. Kitse ba ya haka, sai dai ya ƙaru in kin yi ƙiba ya ragu in kin rame.

Kaluluwa kuwa ƙwaya ce a can ciki, galibi tana tashi ne in akwai rauni ko ƙurji a hannu ko a nono, ta yi zafi, ta kwanta bayan raunin ya warke. Wadda ta ƙi kwanciya bayan makonni, musamman in ana zazzaɓin yamma da gumin dare da rama, dole a bincika tarin tibi, domin yana kama kaluluwa ba huhu kaɗai ba, kuma maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Maruru a fata yake, ya yi ja, ya nuna, ya fashe da mugunya. Akwai kuma masu fama da marurai da ke ta dawowa a hammata suna barin rami da tabo. Wannan ciwon fata ne daban.

Duk wannan don ki samu haske ne kawai. Hannu shi kaɗai yana ruɗin likita ma, balle mai jikin da tsoro ya kama.

Ban taɓa ganinsa ba sai da na haihu. Yanzu ko sauke hannu ba na iyawa. Me zan yi?

Wannan ita ce tambayar masu jego, kuma tana zuwa ne tsakanin kwana 3 zuwa 5 da haihuwa, lokacin da ruwan nono ke saukowa bayan dakashi. Saƙon da jiki ya aika wa ƙirji cewa a haɗa abincin jariri, shi ne ya isa hammata. Naman ya haɗa ruwan nono, amma ba shi da ƙofar fitarwa, sai ya cika ya yi tauri. Wata takan ga ɗigon nono yana tsattsafowa ta ƙofofin fata.

A nan nake yawan saɓawa da iyayenmu masu wankan jego, kuma cikin girmamawa nake faɗa. Inna ko Gwaggo ta ga kumburi, sai ta tsoma tsumma a tafasasshen ruwa ta gasa wurin, ta murza da ƙarfi don ya fashe. Niyyarta alheri ce. Sai dai zafi yana ƙara jawo jini wurin, matsa kuma tana gaya wa naman cewa ana bukatar nononsa, sai ya ƙara haɗawa. Nonon da ba a tatsa ba da kansa yake ƙafewa. Don haka a bar wurin ya huta. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi, ko na randa, a ɗora minti 15 zuwa 20 sau da dama a yini. A sha farasitamol in zafin ya dame ki. A sa rigar mama mai taushi wadda ba ta datse hammata. Ki ci gaba da ba jariri nonon ƙirji yadda ya saba, kada ki rage. Yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu kumburin yake sauka. In ana wanka, a roƙi mai wankan ta tsallake wurin da ganyen.

Amma idan wurin ya yi ja yana ƙuna, ko zazzaɓi da rawar sanyi suka shigo, ko ya yi ruwa-ruwa kamar zai fashe, to ƙwayar cuta ta shiga. Wannan ba ya jiran a yi suna, ballantana arba'in. A tafi asibiti ranar.

Na daɗe da sanin naman, amma yanzu na ji wani ƙullutu mai tauri a cikinsa. Daji ne?

Ki kwantar da hankalinki, sannan ki shirya zuwa asibiti. Duka biyun nake nufi.

Tunda naman nono ne na gaske, duk abin da ke fitowa a nonon ƙirji yana iya fitowa a cikinsa, mai sauƙi da mai tsanani. Mafi yawan ƙullutun da ake samu ga mata masu ƙananan shekaru ba daji ba ne. Wanda ya fi shahara shi ne faibro'adinoma. Ƙari ne marar illa da ke haɗuwa daga ƙwayoyin nono da zaren naman da ke riƙe su, ya fi kama mata daga shekara 15 zuwa 35. In kin taɓa shi za ki ji shi sumul, mai iyaka, da tauri irin na roba, yana zillewa ƙarƙashin yatsa, kuma galibi ba ya ciwo. Girmansa daga ƙwayar gujiya zuwa goro, wato santimita 1 zuwa 3, ko da yake akwai wanda ke wuce santimita 5. Yana iya ƙara girma da ciki ko shayarwa, wani ya tsaya yadda yake shekaru, wani ya motse da kansa, musamman bayan al'ada ta ɗauke.

Bayan shi akwai jakar ruwa, wadda ta fi zuwa wa mata daga shekara 35 zuwa 50, takan bayyana kamar dare ɗaya kuma ta yi tsami kafin al'ada. Akwai jakar nono da ya taru ya yi kauri, ga mai shayarwa ko wadda ta yi yaye kwanan nan. Akwai ƙarin da ke fitowa da ciki ko goyo ya tafi bayan yaye. Akwai kuma gudaji-gudajin da ke zuwa da al'ada su tafi da ita. Duk waɗannan ba sankara ba ne.

Sankara a nonon hammata tana faruwa, amma da wuya. Ba ta kai 1 cikin 100 na dukkan sankarar mama ba. Abin da ke tayar mini da hankali game da ita shi ne jinkiri. Mace ta san ƙullutu a ƙirji abin tsoro ne, ta ji a rediyo. Na hammata kuwa sai a ce kaluluwa ce, a shafa man zafi, a wuce. Ga shi kuma hammata ce matattarar kaluluwar da sankarar mama ke fara bi in za ta bazu, wato ciwon yana zaune a bakin hanya. Sankarar mama ita ce dajin da ya fi kama mata a Najeriya, kuma da yawa ba sa isowa sai ya yi nisa. Saboda haka ƙa'idata ɗaya ce: ƙullutu a hammata a ɗauke shi da nauyin ƙullutu a nono, har sai gwaji ya wanke shi.

Waɗanne alamu ne ba a jira da su?

Ƙullutu mai tauri kamar dutse da ya kafe ba ya motsi. Wanda ke girma cikin makonni. Fatar wurin ta lotsa, ko ta yi kauri da ƙananan ramuka kamar ɓawon lemu, ko ta fashe ta ƙi warkewa. Jini yana fita. Hannun gefen ya kumbura. Sabon ƙullutu ga macen da ta haura 40, ko wadda al'adarta ta ɗauke, ko wadda mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta yi sankarar mama. Rashin ciwo ba shaidar lafiya ba ce. Sankara a farkonta sau da yawa ba ta ciwo ko kaɗan.

In na je, me za a yi mini? An ce in aka soka allura dajin bazuwa yake yi.

Matakai uku ne, kuma ƙarfinsu a haɗe yake. Da farko likita zai tambaye ki tarihin abin, ya duba nonuwa biyu da hammata biyu, ba gefen da ke damun ki kaɗai ba. Sai hoto. Ga mai ƙananan shekaru da mai ciki da mai shayarwa, sikanin ne, irin na awon ciki, ba zafi ba illa. Shi ke nuna ko naman nono ne, ko kitse, ko kaluluwa, ko jakar ruwa. Ga wadda ta kai shekara 40 akan ƙara da mamogiram, wato hoton nono na musamman. A nan ki buɗe baki ki gaya wa mai ɗaukar hoton cewa abin a hammata yake, domin hoton da aka saba ɗauka ba kullum yake kamo can saman hammata ba.

Na uku shi ne ɗibar ɗan samfuri da allura, bayan an kashe zafin wurin, a kai ɗakin gwaji a duba da madubin likita. Wannan ne kaɗai ke faɗin sunan ƙarin da tabbaci. Maganar cewa allura ko ƙarfe na tayar da daji ta samo asali ne daga mata da suka zo a makare, aka yi gwaji, ciwon ya ci gaba da tafiyar da dama yake yi, sai aka ɗora wa allurar. Gwajin minti kaɗan ne, ki koma gida da ƙafarki.

In kunyar likita namiji ce ke hana ki, ki faɗa. Kina da haƙƙin a sa ma'aikaciya mace ta tsaya tare da ke, ko ki shiga da 'yar'uwarki ko maigidanki.

Ina zan nufa a nan Katsina?

Ki fara da asibitin da ya fi kusa da ke, su rubuta miki takardar turawa. Wannan aikin likitocin tiyata ne. A cikin gari akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, da Babban Asibitin Katsina, da Asibitin Ƙwararru na Janar Amadi Rimi. Mai ciki ko mai jego da ke zuwa Asibitin Turai 'Yar'aduwa ta faɗa a wurin awo, za a nuna mata hanya. Wadda ke Daura, Dutsin-ma, Malumfashi ko Funtuwa ta fara da babban asibitin garinsu. Ki riƙe duk takardar hoto da ta gwaji a leda ɗaya, ki zo da su kowane zuwa.

Maƙwabciyata ta ce wanzami zai iya sakiya ko ya yi ƙaho a zuƙe shi.

Don Allah kada ki yarda. Wanzamai suna da sana'arsu da mutuncinsu a garin nan, amma wannan ba hurumin aska ba ne. A can cikin hammata manyan hanyoyin jini da jijiyoyin da ke motsa hannu suke wucewa. Kuma nama ne, ba mugun jini ba, ƙaho ba zai fitar da shi ba. Na taɓa karɓar wata mai jego da aka tsaga wa wurin a gida. Nono ya riƙa zuba ta raunin, ƙwayar cuta ta shiga, abin da ruwan sanyi zai kwantar cikin kwana goma ya zama jinyar fiye da wata guda. Haka magungunan shafawa masu cin fata. Haka sayen kafso a kemis ana sha wata da watanni; maganin ƙwayar cuta ba ya narkar da ƙari. Addu'a kuwa ki yi ta, ki kuma taka zuwa asibiti.

Dole ne a cire?

A'a. Naman da ba ya ciwo, ba ƙullutu a ciki, bai kuma takura miki ba, ana iya barinsa har ƙarshen rayuwa. Ana cirewa in yana ciwo duk wata, ko yana gogar fata da gumi har ta saɓule, abin da masu shi suka sani sarai a zafin watan Afrilu, ko ya hana sauke hannu, ko yana sa mace ƙuncin rai. Wannan na ƙarshen ma dalili ne, ba na raina shi.

Faibro'adinoma ƙarami da gwaji ya tabbatar, ana iya sa masa ido da sikanin bayan wata 6. Akan cire shi in ya kai wajen santimita 3, ko yana girma, ko sakamakon gwajin bai fito fili ba. Dalili shi ne akwai wani ƙari mai suna filodis da ke kama da shi a hannu da hoto amma ya fi shi saurin girma, kuma shi dole a cire shi da faɗi. Jakar ruwa kuwa sau da yawa zuƙewa da sirinji ya wadatar.

Rage ƙiba yana rage kitsen da ke kewaye, amma naman nonon yana nan.

Yaya aikin yake, kuma zan iya shayarwa bayansa?

Ana yanka ne a bin lanƙwasar fatar hammata don tabon ya ɓuya. Ƙaramin ƙullutu ana iya cire shi da allurar kashe wuri. Cire naman gaba ɗaya galibi da maganin barci ne. Wani lokaci a bar siririyar roba kwanaki kaɗan tana fitar da ruwa. Abubuwan da kan biyo baya su ne taruwar ruwa ƙarƙashin ɗinki, da dindiris a cikin damtse saboda wata jijiyar ji da ke ratsa wurin, wanda yawanci yana raguwa a hankali. In jikinki mai yin tabo mai tudu ne, irin wanda ke fitowa bayan hujin kunne, ki gaya wa likita tun kafin aiki. Makonnin farko ki ajiye daka da jan guga da wanki mai nauyi, amma ki riƙa ɗaga hannun a hankali kamar yadda aka nuna miki don kafaɗa kada ta sandare.

Shayarwa ba ta taɓuwa, domin ba a shiga nonon ƙirji ba. In ba gaggawa, ba a yin aikin da ciki ko goyo. A jira watanni bayan yaye, naman ya koma girmansa na gaskiya.

Abu ɗaya nake roƙo. Duk abin da aka cire a kai shi ɗakin gwaji, kuma a koma a karɓi sakamako. Na ga dangin da aka miƙa wa kwalbar samfuri su kai, suka tafi da ita gida suka binne, ganin cewa an riga an rabu da ciwo. Wannan takardar ce ke faɗin ko an gama ko da sauran magani.

Ɗiyata 'yar shekara 14 ce, ya fito mata. Zai hana ta aure ko haihuwa?

Ba zai hana ko ɗaya ba, Hajiya. Ba shi da alaƙa da mahaifa. Abin da ta fi bukata yanzu shi ne ki zaunar da ita ki gaya mata halitta ce, kada ta ji daga bakin ƙawaye a makarantar kwana. Ki kawo ta a duba sau ɗaya. In ba ƙullutu, akan bari jikinta ya gama girma kafin a yi maganar tiyata.

Ni namiji ne. Matata ce ke da shi, kuma ni ma ina da wani ɗan baki ƙasan nonona.

Madalla da ka tambaya, Malam. Maza ma suna samu, sai dai ya fi zuwa musu a ƙaramin baki na uku a kan layin nan da na faɗa, kuma ba ya bukatar komai in bai canza ba. Game da maiɗakinka, ba ya yaɗuwa, ba ya cutar da jariri. Mata da yawa izini da kuɗin mota ne ke tsakaninsu da asibiti, ka sauƙaƙa mata su, in da hali ka raka ta.

Turaren hammata, alimun ko maganin tazarar haihuwa suna kawo shi?

Ba su kawo shi. Ƙwayoyi ko allurar tazara suna iya sa wanda dama yake nan ya ɗan cika ko ya yi tsami. In ya dame ki, ki koma inda aka ba ki a duba wata hanyar.

Ya zan riƙa duba kaina?

Sau ɗaya a wata, kwanaki kaɗan bayan kin yi wankan tsarki, lokacin da nono ya saki. Wadda al'adarta ta ɗauke ta zaɓi rana ɗaya, kamar ganin sabon wata. Tunda dama muna cire gashin hammata ba ma bari ya wuce kwana 40, wannan ma lokaci ne mai kyau na dubawa. Ki tsaya gaban madubi ki ɗaga hannuwa ki kwatanta dama da hagu. Sannan ki sauke hannun ki ɗora shi a kan ƙugu ko kafaɗar kujera, domin hannun da aka miƙe sama yana ɗaure wurin ya ɓoye abin da ke ciki. Da tafin yatsu uku na ɗaya hannun, da ɗan sabulu ko mai, ki bi daga nono zuwa can ƙuryar hammata, a hankali sannan da ɗan dannawa. In kin ji sabon abu, ki rubuta ranar da girmansa, gujiya ne ko goro. In kina ƙasa da shekara 30 kuma ba ɗaya daga alamun da na lissafa, ki sake dubawa bayan al'ada ta gaba. In yana nan, ki zo. In kin haura haka, ki zo a makon.